Rubuta kundin bincike a kullum

Rubuta kundin bincike a kullum wani tsari ne da ɗalibi ke bi, inda yake rarraba aikin kundinsa yana rubuta kaɗan kowace rana, maimakon ya bari sai lokacin miƙawa ya ƙarato. A arewacin jihar Zamfara, ɗalibai daga Jangeru, Shinkafi da Zurmi da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a shekarar 1983, suna rubuta kundi a shekarar ƙarshe ta difloma. Kundin yana cikin sharuɗɗan kammala karatu.

Tsarin kundi

Kundi yakan ƙunshi babi 5: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, nazarin bayanai, sai kammalawa. Malami mai duba aiki yakan karanta babi bayan babi, don haka jinkiri a babi ɗaya yana tsayar da sauran.

Hanyoyin aiki

Masanin halayyar ɗan Adam Robert Boice na Amurka ya nuna cewa masu yin gajeren rubutu kullum sun fi masu dogon zama lokaci guda samar da aiki. Wasu ɗalibai kan ware lokacin bayan sallar asuba, kafin a shiga aji.

Akwai kuma dabarar Pomodoro, wadda Francesco Cirillo ɗan Italiya ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. Ana rubutu na minti 25, a huta minti 5, sannan bayan zagaye 4 a yi dogon hutu.

Ana kuma raba ranar rubutu da ranar gyara, domin mai gyara kowace jimla tun yana rubuta ta ba ya yin nisa. Haka nan ana rubuta sunan marubuci, shekara da shafi tun lokacin karatu, domin kauce wa satar fasaha, wadda kan sa a ƙi karɓar kundi.

Matsalar lantarki da intanet

A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Wannan da yawan ɗauke wuta suna sa a fara rubutu da hannu a littafi, a sauke takardun karatu tun da akwai intanet, kuma a ajiye kwafin aiki a filashi da waya, kada lalacewar kwamfuta ta tafi da aikin watanni.