Mene ne gyaran halin fursuna, kuma wa ya shafa?

Tun watan Agustan 2019, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar gidajen yari, labarai suka koma cewa "gidan gyaran hali". Me ake nufi?

Gyaran hali shi ne shirya ɗaurarre domin ranar da zai fito, ta yadda zai iya riƙe kansa ba tare da ya sake aikata laifi ba. A cikin gidan gyaran hali ana koyar da ɗinki, kafinta da walda, wasu na zana jarrabawar kammala sakandare, wasu ma na yin digiri kyauta a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya. Dokar ta kuma ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, ko sakin mutum kafin cikar wa'adinsa bisa sharaɗin ana sa masa ido. Wanda ya nuna halin kirki zai iya samun takardar shaida, doka kuwa ta hana a nuna masa wariya saboda zaman da ya yi.

Cikas na nan. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, cunkoso kuma na cinye kuɗin horarwa.

Wanda ya fito fa? A nan abin ya fi ciwo. Mai shago na tsoron ɗaukarsa aiki, ana hana shi aure, wani lokaci danginsa ma su juya masa baya. Tela da ya ƙware a ciki amma ya rasa mai kawo masa ɗinki, sau da yawa tsofaffin abokan ɓarna ne kaɗai ke karɓarsa, unguwar da ta ƙi shi kuma ita za ta fara ɗanɗana kuɗarta.