Fitar Dubura ga Kaza Mai Ƙwai: Jan Hankali ga Masu Kiwo a Gida

Daga cikin larurorin da ke samun kajin da mata da yara ke kiwo a tsakar gida, akwai wadda takan hallaka kaza da gaggawa fiye da yadda ake zato, alhali kuwa sau da yawa maganinta yana cikin ɗakin girki, wato fitar dubura. Sai a wayi gari a ga wata tsoka ja mai danshi ta leƙo ta bayan kaza, wani lokaci da jini-jini, ita kuwa ta takure gefe guda tana nishi. Jama'a da yawa sukan ce basir ne, amma haƙiƙanin al'amarin shi ne, ƙarshen hanyar ƙwai, wanda bisa hikimar halitta yakan juyo waje kaɗan duk sa'ad da kaza za ta saka ƙwai sa'an nan ya koma mazauninsa nan take, shi ne ya fito ya kasa komawa.

Galibi sababin abin daga hannun mai kiwo yake. Kajin gidan gona, irin su ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar, sukan fara ƙwai ne wajen mako 18 zuwa 22 da ƙyanƙyashewa; amma wanda ɗokin riba ya kama, ya riƙa kunna musu fitila dare duka yana ɗura musu abincin masu ƙwai tun jikinsu bai ƙosa ba, lalle zai sa budurwar kaza ta ɗauki nauyin da ƙugunta bai isa ɗauka ba. Haka kuma ƙiba mai yawa, da ƙwai mai gwaiduwa biyu wanda yara ke murna da shi, da zawo mai daɗewa, da tsutsar ciki, duk suna raunana wurin. Sai kuma ƙarancin sinadarin kalsiyam, domin ɓawon ƙwai guda yana cin kimanin giram 2 nasa, kuma da shi tsoka take samun ƙarfin tsukewa. Kazar da ba ta san komai ba sai dusa da tsaki, tana kuma saka ƙwai kusan kullum, dole jikinta ya gaza.

Abu na farko, tun kafin a nemi ruwa ko magani, shi ne a ɗauke ta daga cikin 'yan uwanta. Ɗabi'ar kaji ce su kai baki ga duk abin da suka gani ja, kuma idan suka ɗanɗani jini ba sa dainawa har sai sun zaro hanjinta, abin da kan auku cikin yini guda. A nan akwai mas'ala ta fiƙihu da ya kamata a lura da ita: malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Halilu, sun lissafa zubewar kayan ciki da hujewar hanji cikin raunukan da idan suka samu dabba, yanka ba ya halatta ta. Saboda haka mai jinkiri yana iya yin asarar kazar da namanta gaba ɗaya, kuma wanda abin ya kai shi ga haka, to, ya tambayi malaminsa kafin ya ɗora tukunya.

Bayan an keɓe ta, sai a wanke hannu da sabulu, a sa ta cikin ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri, a wanke tsokar a hankali har kashi da ƙasa su fita, a rage gashin da ke kewaye da almakashi. A lallaɓa cikinta ta waje a ji ko akwai ƙwai da ya maƙale, in akwai kada a matsa, domin fashewarsa a ciki musiba ce ta daban, aikin likitan dabbobi ne. Idan wurin ya kumbura, a shafa masa zuma ko a barbaɗa sukari a dakata kamar minti 15, gama suna janye ruwan kumburin. Sa'an nan a shafa basilin a yatsa mai gajeren farce, a mayar da tsokar ciki sannu-sannu, a riƙe na ɗan lokaci. Sau da yawa takan sake fitowa, sai a maimaita da haƙuri. Amma toka, da kanwa, da barkono, da kananzir, da man birki, waɗanda wasu ke shafawa da sunan magani, azabtar da dabba ne kurum, kuma Shari'a ta hana shi.

Abin da ya rage shi ne a hutar da ita daga saka ƙwai. A ajiye ta cikin akurki mai tsabta da duhu, wanda haske ba ya wuce sa'a 8 a cikinsa a yini, a janye mata abincin masu ƙwai na kamar mako guda, a ba ta ruwa wadatacce da ɗan hatsi da ganye, a kuma tsare ta daga ƙudaje, don kada su zuba mata tsutsa. In ta murmure, a riƙa haɗa mata garin ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka.

Idan tsokar ta yi baƙi ko ta fara wari, ko ta ƙi zama bayan kwana biyu ko uku, a kai ta wurin malamin dabbobi. In ya yi mata allura ko ya ba da maganin sha, a tambaye shi kwanakin da za a ƙaurace wa ƙwanta da namanta. Wanda kuma ba shi da halin kai ta, ya wasa wuƙa ya yanka ta tun hanjinta yana lafiya, kada ya bar ta tana wahala.