Hoton waya a gonar rake: yadda za ka dawo da abin da ya fi "mun je"

Yau hirar a kan hoto ce, irin namu na waya, ba na masu situdiyo ba, musamman idan an fita da iyali ganin yadda ake mazarƙwaila.

Mu nan Daura mun san mazarƙwaila a faifan mai talla da cikin kunu, amma yara da yawa ba su san daga rake take fitowa ba. Idan ana maganar inda ake yin ta sosai, sai a ce Danja a kudancin jiharmu, ko Maƙarfi a jihar Kaduna. Lokacinta rani ne, cikin hunturu, bayan an fara saran rake. Tafiya ce ta sa'o'i, don haka a tambayi lafiyar hanya kafin a kwashi yara.

A Kanada, yankin Kebek, irin wannan fita al'ada ce. Wajen watan Maris iyalai kan tafi daji inda ake tatsar ruwan wata bishiya mai suna mapul. Ruwan nan zaƙinsa kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal, sai an dafa kamar lita 40 kafin a sami lita 1 ta zumarsa. Ruwan rake ya ninka shi zaƙi sau da yawa. Su sun mayar da nasu abin yawon buɗe ido, mu kuwa namu ko hoton kirki da wuya ka gani. Shi ya sa nake wannan magana.

To, me za ka ɗauka? Aikin hawa-hawa ne. A tura rake cikin injin matsa, wani wurin doki ke zagayawa yana juya shi, wani wurin an koma injin mai. Ruwan ya tsiyaye, a juye a manyan kasake, a hura wuta da busasshen tukar raken, ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Yawancinmu muna tsallake duk wannan, mu jera yara a gaban tarin rake, a ɗaga yatsu biyu, shi ke nan. Wannan hoton ko a bakin kasuwa za ka iya yin sa. Ni a ganina hoton da ya fi daraja shi ne na hannun mai kwashe kumfa, da na dokin nan, don inji yana maye gurbinsa, kuma ba lallai jikokinmu su gan shi ba.

Maganar haske ita ce babba. Da tsakar rana, rana na bisa kai, idanu su faɗa cikin inuwa, kowa ya yamutse fuska. Ka bari sai da hantsi ko bayan la'asar. Idan mutane kake ɗauka, rana ta kasance a bayanka ko a gefe. Amma tururin kasko akasin haka yake so: sai hasken ya biyo ta bayansa yake fitowa fari tas, in ba haka ba ya ɓace. Sai ka zagaya ka fuskanci rana kaɗan, ka taɓa allon wayar daidai kan kaskon, ka ja hasken ƙasa. Gwada sau uku, huɗu, ba kuɗin fim kake biya ba.

Ƙurar hunturu da tururi mai danƙo suna manne wa gilashin kyamara, hoto ya fito kamar an shafa masa mai. Goge da gefen riga mai laushi kafin kowane ɗauka. Kuma a daina jawo hoto da yatsu biyu, yawancin wayoyinmu yanke shi kawai suke, ya fashe. Taka ka matsa. Idan yaro ne, durƙusa daidai tsayinsa, ka kama shi yana shan rake bai sani ba.

Sai dai kar neman hoto ya sa a tsayar da yaro kusa da kasko. Ruwan sukari mai tafasa ya fi ruwan zafi ƙuna, kuma yana manne wa fata. Bakin injin ma ba ya bambance rake da hannun riga.

Masu aikin nan kuma ba kayan kallo ba ne. Yi sallama, ka nemi mai wurin: "Baba, ko za ka ba mu izini mu ɗauki hoton aikin?" In ya ce a'a, a'a ce. Matan mutane kuwa kar ka fara. In ya yarda, nuna masa abin da ka ɗauka, ka sayi mazarƙwailar ma. Kafin ka ɗora a Facebook, kashe alamar wuri, kuma ka bari sai kun dawo gida. Mun san halin da wasu yankunanmu ke ciki, ba hikima ba ce ka sanar da duniya inda iyalinka suke a daidai wannan sa'a.

WhatsApp yana matse hoto, ingancinsa ya ragu. In za ka tura wa 'yan'uwa, tura shi a matsayin fayil. Ka zaɓi guda biyar masu kyau ka kai situdiyo a wanke maka, ka rubuta garin da shekarar a baya, ɗaya kuma ka aika wa mai wurin.