Horar da 'yan wasa masu naƙasa a Anka, Gummi da Bukkuyum: Abubuwan da ya kamata ka sani

A gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Rio a 2016, Najeriya ta ɗauko zinare 8, alhali masu cikakkiyar lafiya tagulla ɗaya tal suka kawo daga gasar Olamfik ta wannan shekarar. Irin wannan baiwar tana nan a yammacin Zamfara. Sai dai duk wanda zai rataya usur ya tara waɗannan matasa a fili, akwai tambayar da ta wajaba a kansa tun kafin a taɓa ƙwallo.

Me ya jawo lalurar?

A ido, matasa biyu da ke kan keken guragu ɗaya suke. A jiki kuwa sun sha bamban. Wanda shan inna ya kama tun yana goye yana jin zafi da taɓi a ƙafarsa, ƙarfin tsoka ne ya tafi. Wanda harsashi ko hatsarin babur ya taɓa wa laka, ƙaya za ta iya shigarsa bai sani ba. Kocin da ya haɗa su a atisaye iri ɗaya zai cutar da ɗayansu.

Masu shan inna

Su ne ƙashin bayan ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, inda ake zama kan katako mai tayoyi ana bugun ƙwallo da hannu. Abin kiyayewa a nan kafaɗa ce. Da ita ɗan wasa yake wasa, da ita kuma yake zuwa kasuwa da masallaci, don haka in ta gurɗe harkarsa duka ta tsaya. A ɗumama jiki kafin a fara, a ba da ranakun hutu, kuma kada a tilasta wa raunanniyar tsoka, domin yawan wahala ƙara kashe ta yake yi.

Yaran dalma sun girma

A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu da farfaɗiya ko jinkirin fahimta. Dalma tana daɗewa a ƙashi, tana kuma taɓa ƙoda da jini, saboda haka a gwada jininsu kafin a sa su gudu mai nauyi. A ba su umarni ɗaya bayan ɗaya, a nuna da jiki, ban da tsawa. In farfaɗiya ta tashi, a kwantar da mutum ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

Filin wasan ma abin dubawa ne. Mai ƙwallon guragu hannunsa a ƙasa yake, fuskarsa kusa da ƙura. Filin da aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinare a kusa da shi bai dace da wasa ba, ko da kyauta aka bayar.

Raunin laka

Nan ne sakaci yake kisa. Ɓangaren jikin da ke ƙasa da raunin ba ya gumi yadda ya kamata, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40. A yi atisaye da sanyin safiya ko bayan la'asar, a tanadi ruwan sha da na yayyafawa.

Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, cikar mafitsara ko taurin bayan gida ko matsattsen ɗauri kan sa jininsa ya hau farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da jiƙewar fuska. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafinsa, a taimaka ya zubar da fitsari, in bai lafa ba a garzaya asibiti. A kuma riƙa duba mazaunai da diddige kullum, don ɗan jan tabo shi ke zama gyambo. Haka mai yankakkiyar ƙafa zai riƙa duba dungunsa.

Tramadol

Wasu na haɗiyarsa don su danne ciwo. Ciwon ba ya tafiya, ɓuya yake yi, ga shi kuma ƙwayar na tayar da farfaɗiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

Ina za a nufa?

Babban asibitin gari zai iya gwajin jini da kula da rauni. Abin da ya fi haka sai Gusau, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na ƙashi da ke Dala a Kano. Hanyoyin nan da nisa, ga matsalar tsaro, don haka ya kamata ƙananan hukumomin uku su haɗa kowace ƙungiyar wasa da ma'aikacin lafiya guda da zai duba 'yan wasa kafin a fara kakar wasa.