Yadda ruwan damana ke cin gida tun daga gindi

Ruwan sama albarka ne ga gona, amma in ya sauka da yawa cikin ɗan lokaci, yana kada gidaje. Ƙasar Nijar ta ga haka a damanar 2024. Bisa ƙidayar gwamnati, mutum kusan 400 suka rasu, ambaliya kuma ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Wasu ruwa ya tafi da su, wasu ɗaki ya faɗa musu. Ranar 30 ga Agusta ruwa mai ƙarfi ya sauka a birnin Maradi, ya rushe gidaje, ya yanke hanyoyi. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa wajen tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Komawa lakkol ma sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba.

Sau da yawa ruwa kan daɗe yana cin gindin gini kafin ranar da zai faɗi. Mai gida da ya san yadda abin ke faruwa zai iya tare shi tun da wuri.

Ruwa nawa ke sauka bisa ɗaki?

Ma'aikatan noma suna auna ruwan sama da milimetir. Milimetir ɗaya shi ne litir ɗaya na ruwa bisa wuri mai tsawon metir ɗaya da faɗin metir ɗaya. A ɗauki ɗaki mai tsawon metir 5 da faɗin metir 4. Rufinsa ya ƙunshi irin wannan wuri har 20. In an yi ruwa milimetir 50, rufin ya karɓi litir 1000, wato tano biyar, irin tano mai cin litir 200. Duk ruwan nan ta indararo ɗaya ko biyu yake fita. In indararon gajere ne, tano biyar ɗin nan a gindin bango suke zuba.

Abin da ruwa ke yi wa gindin gini

Na farko, ruwan da ya kwanta jikin bango yana hawa cikin tubali, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Ƙasar gini tana da ƙarfi muddin tana bushe. In ta jiƙe sai ta koma taɓo, alhali nauyin bango da azara da ƙasar rufi duk a kanta yake. Rufin soro ma in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake yi.

Na biyu, ruwan da ya hau bango yana ɗauke da gishirin ƙasa. In ya bushe, gishirin ya tsaya, ya riƙa marmashe tubali. Shi ne farin nan da ake gani a gindin katanga, inda ƙasa ke zuba in an shafa hannu. Bango ya sirance daga ƙasa, samansa kuwa yana nan da kaurinsa.

Na uku, ƙasar da ke ƙarƙashin tushe tana motsi. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, tana tsukewa da rani. Rairayi kuwa ruwa mai gudu kwashe shi yake yi. In kusurwa ɗaya ta zauna, bango ya tsage. Gidan siminti ma bai tsira daga wannan ba.

Salga, rijiya da tiyon famfo

Ruwa mai yawa yana cika ramin salga. Bakin ramin da ba a gina ba yana zaftarewa, daɓen sama ya rufta da wanda ya taka shi. Salgar da aka haƙa dab da bango tana jan tushen ɗaki in ta rufta. Ƙazantar da ta tumbatsa kuma tana bin ruwa zuwa tsakar gida da rijiya. Ta nan zawo da kwalara ke shiga gida. Jama'ar Madarunfa ba su manta da kwalarar da ta ɓarke a damanar 2018 ba. Don haka ake so a bar tazarar metir 30 tsakanin salga da rijiya, salga kuma ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

A garuruwan da ke da famfo, ruwa mai gudu yana tone tiyon da aka binne sama-sama, amalanke ko mota su taka shi ya fashe. Tiyon da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa yana jiƙa tushe dare da rana, har da rani. In an ɗauke ruwa kuma, ruwan ƙazanta na iya shiga ta wurin fashewar. Gane yoyo ba wuya: a rufe duk famfunan gida, a duba kwantar. In tana juyawa, akwai inda ruwa ke fita.

Aikin da za a yi tun da bazara

A hau soro a share shi, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. A ƙwanƙwasa azara, a canza wadda gara ta ci.

A sa indararo mai tsawo wanda zai jefa ruwa nesa da bango. Inda ruwan ke faɗuwa a jera duwatsu, ko a ajiye tano.

A yi dakali kewaye da gindin bango, a daɓe shi sosai, ya gangara waje. A cike duk wani rami da ke kusa da ɗaki.

A buɗe rariya da kafar da ruwan tsakar gida ke fita. Leda da shara su ne ke toshe ta. Hanyar ruwa ta unguwa aikin gayya ce, domin wanda ya tare ruwa a ƙofarsa ya tura shi gidan maƙwabcinsa.

A lura da shafen siminti bisa bangon ƙasa. In ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Inda aka ƙwanƙwasa aka ji ƙarar holoƙo, shafen ya rabu da bango, sai a gyara.

A gina bakin salga da bakin rijiya su ɗara ƙasa, a yi musu murfi.

Mai sabon gini ya tambayi tsofaffin gari inda ruwa ke bi a shekarar ruwa mai yawa. Kada ya gina cikin kwari, ko bakin gulbi, ko bisa tsohon kududdufin da aka cike da shara. A Yamai, cikin Satumba 2020, kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin da ke kwance kusa da shi, kamar Lamorde. A haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a sa dutse ko bulon siminti har su fito sama da ƙasa, sannan a ɗora tubali.

Alamun da ke cewa a fita

Tsagar da ke ƙara buɗewa, ƙofar da ta ƙi rufuwa, bangon da ya yi ciki, ƙasar da ke zubowa daga rufi, azarar da ke ƙara: wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fitar da iyalinsa nan take, ko da tsakar dare ne. Yara da tsofaffi za a fara fitarwa, kada a tsaya kwasar kaya. Kada a fake ko a shimfiɗa tabarma a gindin katangar da ta jiƙe, domin tana iya faɗuwa bayan ruwa ya ɗauke.

Bayan ambaliya, a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Wanda zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita ba da jinkiri ba. Gidan da ya lalace a sanar da mai gari ko mai unguwa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yaɓe da dakali da indararo aikin kwana kaɗan ne, kuma tun kafin hadarin farko ya haɗu ake yin su.