Kuturta Na Warkewa, Ƙyamar Ce Ta Ƙi Magani

A Garagumsa, kamar sauran ƙasar Damagaram, idan ana binciken aure akan yi wata tambaya ƙasa-ƙasa: "Gidansu akwai kuturta?" Amsar kan rusa auren yarinyar da lafiyarta ƙalau, don kawai kakanta ya rasa yatsu.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuma cin kifi da nono ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan Norwe, Hansen, ya gano a 1873. Ba ta kama mutum sai da doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, jikin mafi yawan mutane ma kan kore ta da kansa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, wata 6 ko 12, kuma da an fara sha yaɗuwa ta tsaya. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki.

To me ke gutsure yatsu? Jinkiri. Mutum ya ga fari-farin tabo a damtse, ya tsikara da tsinke bai ji komai ba, sai ya rufe da riga don gudun bakin mutane. Kafin ya je likita jijiyoyi sun mutu, yana ɗaukar tukunya da zafi bai sani ba, gyambo ya biyo baya. Ƙyamarmu ce ke nakasa shi.

Unguwar Kara-Kara a birnin Damagaram shaida ce. Can aka ware kutare, jikokinsu suka tashi ba makaranta ba sana'a, wasu suka faɗa ƙungiyoyin ƙarfi da ake kira "palais", kamar yadda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021.

A Disambar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri cewa masu wannan lalura da iyalansu suna da haƙƙin karatu, aiki, aure da zama cikin jama'a kamar kowa. Mu kuwa mun tsaya ga jefa sadaka daga nesa. Sadaka alheri ce, amma ba ta biyan haƙƙi.

Malamai da masu unguwa, ku faɗa a masallaci da dandali: duk mai tabon da ba ya ji, ya je likita yau, kuma kada a kori ɗansa daga aji.