YADDA AKE CIRE CIBIYAR KIRANSHAF IN TA ƘI FITA

Cikin ayyukan gyaran mota akwai wani wanda na ga yana yawan ba mutane wahala, har da makanikan da suka daɗe cikin sana'a. Shi ne cire cibiyar da ke gaban kiranshaf. Da yake da yawa daga cikinmu wata rana za a tura mu aiki inda gareji ya yi nisa, na ga ya kamata in bayyana yadda abin yake, ko da mutum ba zai yi da hannunsa ba, ya san abin da ake yi wa motarsa.

Kiranshaf dai shi ne sandan ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke kwance a gindin inji, wanda ke mai da hawa da saukar fistan ya zama juyi. Bakinsa na gaba ya leƙo waje, an cusa masa wani ƙarfe mai rami a tsaka, shi nake kira cibiya. A jikinta faifan da ke jan fanbel yake. In bakin mai ya soma yoyo ta gaban inji, ko za a sake sarƙa ko bel na taimin, tilas sai an cire ta tukuna.

Abu uku ke riƙe da ita: babban noti na tsakiya, da matsi, don a injuna da yawa an yi ramin cibiya ya ɗan gaza kaurin sandan da gangan, sa'an nan da tsatsa. Akwai kuma wata 'yar sakata mai siffar rabin wata, amma ita aikinta hana cibiya zamewa wajen juyi, ba hana ta fita ba.

Kafin a taɓa kome a cire wayar batir, a sauke fanbel, in wuri ya yi ƙunci a fid da lagireto. Kuma lalle a bincika ko injin yana da sakatar nan. Waɗansu injunan Ford da Mazda da Renault ba su da ita, ɗaurin notin kaɗai ke riƙe da taimin. Irin waɗannan sai an kulle inji da ƙusoshinsa na musamman kafin a sassauta noti, in ba haka ba taimin ya ɓace, in aka ta da mota fistan ya yi karo da bawul.

To, sai noti. Ɗaurinsa ba na wasa ba ne. A injunan Honda da yawa ana ɗaure shi da ƙarfin niyutan-mita 245, watau kamar a rataya rabin buhun siminti, kilo 25, a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. Kwancewa kuwa ta fi haka. Wahalar ita ce da ka murɗa sai injin duka ya bi ka yana juyawa. In mota mai giyar hannu ce, a sa ta a babbar giya, wani ya taka birki da ƙarfi. In mai sake giya da kanta ce wannan ba ya yi, sai a cire kik a tokare haƙoran fulawil, ko a sami ƙarfen da aka yi domin riƙe faifan. Sa'an nan a zura dogon fayif a hannun sifana a ja a hankali. Galibi hagu ake kwance shi, kamar sauran notuna.

Waɗansu sukan tokare sifana da jikin mota su buga kik, wai inji ya kwance notin da kansa. Ni ban yarda da wannan dabara ba. Sifana kan kuɓuce ta fasa abu ko ta karya hannu. Bugu da ƙari, tsofaffin injunan Honda da yawa hagu suke juyawa, saboda haka a wurinsu ƙara ɗaure notin za a yi.

In noti ya fita a duba ramin da kyau. Sau da yawa washa takan manne a ciki, datti ya rufe ta, mutum ya yi ta ja bai san ita ta tare hanya ba.

Nan ne fa akasari ake ɓarna. Cibiya ta ƙi motsi, zuciya ta ɓaci, sai a ɗauko guduma da kurfi. Duk dukan da aka yi ba a cibiya yake tsayawa ba, yana bin sandan har cikin inji, ya faɗa kan 'yan siraran ƙarafan da ke hana kiranshaf yin gaba da baya. Wasan da aka bar masa can bai kai rabin milimita ba. In aka ƙwanƙwatse su, sai an sauke inji. Haka kuma masu zura ƙarfen cire taya ta baya su ɓanɓara: murfin da suke dogarawa a kai na alminiyam ne ko falle, nan da nan ya tsage ko ya lanƙwashe. Banda wannan, ɓanɓara ta gefe ɗaya karkatar da cibiya take yi, ta ƙara cije sandan.

Abin da ake bukata shi ne ja a miƙe, kowane gefe daidai. Shi ne aikin abin da makanikai ke kira fula. Iri biyu ne. Akwai mai farata da ke kama bakin faifai, akwai kuma wanda ake ɗaurawa da notuna biyu ko uku cikin ramukan da ke jikin cibiyar kanta. Na biyun nake so. Dalili kuwa, faifan motoci da yawa ba ƙarfe ɗaya ba ne: cibiya a ciki, zoben roba a tsaka, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, an yi shi haka don ya shanye makyarkyatar sandan. In farata suka kama zoben waje, shi za su ciro, roba ta yage, cibiya tana nan inda take.

A zuba kananzir ko man da ake sayarwa domin sassauta tsatsa, a bar shi ya jiƙa, in da hali ya kwana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. A ɗaura fula, notunansa su shiga zurfi ɗaya. A sa ɗan ƙarfe mai faɗi tsakanin tsinin fula da bakin kiranshaf, kada tsinin ya shiga ramin noti ya cinye masa haƙora. A shafa giris a dogon notin fula, a riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan ana dubawa ko ya karkata. In ya yi tauri, a dakata, a ɗan ƙwanƙwasa gefen cibiya da ƙaramar guduma, a ƙara mai, a sake murɗawa.

In duk da haka ta ƙi, sai zafi. Wanda ya yi darasin kimiyya ya tuna da ƙwallon ƙarfe da zobe. Ƙarfe yana buɗewa kamar kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. Ke nan rami mai faɗin milimita 40, in aka ƙara masa zafi digiri 100, zai buɗe kusan milimita 0.05, kamar kaurin siririn gashi. Mutum ya ce wannan me zai yi? Ai matsin da ke riƙe da cibiyar shi ma bai wuce haka ba. Sai dai cibiya kaɗai ake so ta yi zafi, ba sandan ba, don haka a kewaya ta da wuta da sauri, fula yana ɗaure yana ja. A goge kananzir tukuna, a nisantar da fetur, kada kuma wuta ta taɓa zoben roba. Sau da yawa sai ka ji ƙas! ta saki.

Wajen mayarwa, a goge tsatsar bakin sandan da samfefa mai laushi, a duba sakata ko ta ci, a sa sabon sil na mai, domin tsohon ya sha zafi. A shafa ɗan bakin mai, a daidaita tsagin cibiya da sakata, a jawo ta ciki da dogon noti, ba da guduma ba. Waɗansu notunan sau ɗaya ake ɗaura su, don miƙewa suke yi wajen ɗauri, irinsu sai a sayi sabo. A ƙarshe a ɗaure da sifana mai awo, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.